Sankarar ƙashi a jikin kare da rayuwa da ƙafa uku: tambayoyi da amsoshi

Karen da ake kiwo a gidajenmu yanzu ba ɗan madaidaicin nan na unguwa ko na mafarauta kaɗai ba ne. A Kano, Kaduna, Jos, Abuja da sauran birane mutane suna ajiye manyan karnuka na gadi, irin su Alseshan, Rotwaila, Bobul da Kokeshiyan, har su zama 'yan gida, yara su saba da su. Irin waɗannan manya su ne sankarar ƙashi ta fi kamawa. Idan kuwa ta kama, likitan dabbobi yakan faɗi maganar da mai kare ba ya son ji, wato a cire ƙafar. Ga tambayoyin da suka fi damun mai kare tun daga ranar da ya ga ɗingishi har bayan tiyata.

Karena yana ɗingishi, ƙafar kuma ta kumbura. Sankara ce?

Yawancin ɗingishi ba sankara ba ne. Ƙaya, fasasshiyar kwalba, targaɗe, cizon wani kare, farcen da ya tsage, duk suna sa kare ya ɗage ƙafa, bayan 'yan kwanaki ya sauke ta. Inda za ka shiga taitayinka shi ne idan abubuwa uku suka haɗu: karen babba ne mai tsayi, ya kai shekara bakwai ko kusa da haka, ɗingishin kuma ya zo haka kawai, bai faɗi ba, ba a buge shi ba. An ba shi maganin ciwo ya lafa, magani ya ƙare ya dawo, har ya fi na da. Daga baya sai kumburi mai tauri ya fito kusa da gaɓa, ba ya motsi a ƙarƙashin fata, kare kuma ba ya yarda a taɓa wurin.

Sankarar tana da wuraren da ta fi zama. A ƙafar gaba, can ƙasa dab da wuyan ƙafa, ko can sama kusa da kafaɗa. A ƙafar baya, kewayen gwiwa, sama da ƙasa. Ƙafafun gaba sun fi kamuwa, kusan ninki biyu. Kada a dogara da shekaru kaɗai, don jefi-jefi akan same ta a jikin kare ɗan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu.

Babban karen da ya yi mako biyu yana ɗingishi babu sauƙi, a je a ɗauki hoton ƙashin, kada a ƙara sayen wani magani.

Wace irin cuta ce, kuma sakacina ne ya jawo ta?

Likitoci suna ce mata ostiyosakoma. Cikin ire-iren ƙarin da ke tsirowa daga ƙashin kare, ita ce kusan kashi 85 cikin 100. Daga ciki take farawa, tana cin ƙashi kamar yadda gara ke cin azara: a waje ka ga itace lafiya ƙalau, ciki kuwa ya zama gari. Tana ci tana kuma gina wani ƙashi marar fasali a gefe, tantanin da ke lulluɓe da ƙashin yana miƙewa, daga nan azabar take fitowa. Azaba ce da ba ta san dare ba, ba ta san rana ba.

Ba sakacinka ba ne. Ba abinci ba ne, ba sammu ba, ba bakin maƙwabta ba. Abin da aka tabbatar shi ne girma, tsayi da gado: Rotwaila, Dobaman, Alseshan da sauran masu dogayen ƙafafu da nauyi sun fi shiga haɗari, ƙaramin kare kuwa da wuya. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2002 kan karnukan Rotwaila ya nuna waɗanda aka dandaƙe ko aka cire musu mahaifa kafin su cika shekara sun fi kamuwa. Don haka mai ɗan kwikwiyo irin wannan ya tattauna da likita kan lokacin da ya dace a yi aikin.

Waɗanne gwaje-gwaje za a yi kafin a yanke hukunci?

Na farko hoton ƙafar. Likita yana duba inda ƙashi ya rarake da inda sabo ya tsiro barkatai, yana kuma duba ko abin ya tsallake gaɓa, don ita wannan sankara ba kasafai take tsallakewa zuwa ƙashin da ke maƙwabtaka ba. Na biyu hoton ƙirji, ta gefen dama, ta gefen hagu, da kuma kare yana rigingine, saboda huhu ne inda cutar ta fi gudu. Na uku gwajin jini, don a ga lafiyar ƙoda da hanta da yawan jinin kansa.

A ƙasarmu gwajin jinin nan yana da wani muhimmanci na daban. Kaska tana sa wa karnuka cututtukan da ke shanye jini, su kuma rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Karen da ke ɗauke da irin wannan, idan aka shiga da shi tiyata ba a sani ba, jini na iya ƙin tsayawa. A yi maganinsa tukuna.

Hoto kaɗai ba ya rantsuwa. Ciwon ƙashi na ƙwayoyin cuta yakan yi kama da sankara a hoto, shi ya sa akan tsotso ɗan nama da allura a duba, ko a aika ƙafar da aka cire ɗakin gwaji. Ka nace a aika. Sakamakon ne zai gaya maka ainihin abin da kake fama da shi da kuma abin da za ka sa rai.

Ƙafar ta karye. Me zai hana in kai shi wurin mai ɗori?

Ɗori yana aiki ne a kan lafiyayyen ƙashi, wanda zai iya haɗe kansa idan an daidaita shi. Ƙashin da sankara ta cinye ba ya haɗewa, ko an ɗaure shi wata nawa. Alamar irin wannan karaya ita ce ta auku a kan abin da bai kai ya kawo ba: kare ya diro daga mota ko ya juya da sauri, sai ka ji ƙara. Ja da murzawa da ɗaurin kara ba abin da za su ƙara masa sai azaba, ɗaurin kuma kan toshe jini ƙafar ta ruɓe. Sakiya da tsaga da lalle ma haka. Kare mai irin wannan karaya asibiti za a nufa da shi a ranar, a ɗaure masa baki da ƙyalle kafin a ɗauke shi, don ciwo kan sa ya ciji ko da uban gidansa.

Cire wa dabba ƙafa ba zalunci ba ne?

Nan ne mafi yawan mutane suke cijewa, kuma ba don mugunta ba, don tausayi. Mutum yana auna abin da kansa: da ni ne aka yanke wa ƙafa, ina zan sa kaina, me mutane za su ce, yaya zan nemi abinci? Kare ba ya da ɗaya daga cikin waɗannan tunane-tunane. Ba ya kallon madubi, ba ya jin kunyar baƙi, ba wanda zai fasa masa aure. Abin da ya sani shi ne jiya akwai ciwo, yau babu.

Sannan a lura da wani abu. Karen da ke da sankarar ƙashi ya riga ya zama mai ƙafa uku tun kafin a taɓa shi da wuƙa. Makonni ke nan yana ɗage ƙafar, yana jan ta, yana koyon tafiya ba tare da ita ba. Tiyata ba ta raba shi da ƙafar da yake amfani da ita, tana raba shi ne da wani nauyi mai zugi da yake yawo da shi. Ciwon yanka ciwo ne da magani ke iya kashewa, kuma kullum raguwa yake yi. Ciwon sankarar ƙashi kullum ƙaruwa yake yi, har ya kai inda magani ba ya jin sa. Shi ya sa masu karnuka da yawa kan ce bayan mako biyu ko uku sun ga karensu ya dawo da wasan da suka ɗauka tsufa ne ya raba shi da shi.

A 2015 an buga wani bincike a Amurka da ya bi sawun karnuka 64 da aka cire wa ƙafa. Masu karnuka 55 sun ce da za a sake, hukuncin da za su yanke ke nan. Mutum 50 sun ce murmurewar ta fi yadda suka zata.

A ganina zaluncin yana wani wuri dabam: a bar kare a keji yana nishi wata biyu, ana cewa ana tausayinsa.

To, idan an cire, ya warke ke nan?

Nan sai a yi haƙuri a ji gaskiya. Idan ostiyosakoma ce, cire ƙafa yana kawar da ciwo, amma galibi ba ya kawar da cutar. Kusan tara cikin goma na karnukan da aka gano suna da ita, ƙananan ƙwayoyinta sun riga sun bi jini sun isa huhu, ko da hoton ƙirji ya fito fes. Hoto ba ya nuna ƙari sai ya kai kamar milimita 7 zuwa 9.

Alƙaluman da likitoci ke aiki da su ga su. Tiyata kaɗai: wata huɗu zuwa biyar, kuma kusan ɗaya cikin goma ne ke kai shekara. Tiyata tare da allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara: wata 10 zuwa 12, kusan ɗaya cikin biyar kuma yana kai shekara biyu. Waɗannan watannin da aka lissafa na tsawon rayuwa tsakiya ce, ma'ana rabin karnukan sun wuce haka, rabi ba su kai ba. Akwai 'yan kaɗan da kan yi shekaru har wani abu dabam ya zama ajalinsu, amma kada a gina lissafi a kansu.

Wani zai ce shekara ɗaya har nawa take? Babban kare da wuya ya wuce shekara 10 zuwa 12 a duniya. Shekara guda babu ciwo, yana ci, yana haushi, yana tarbar yara daga makaranta, ba ƙaramin rabo ba ne a irin wannan rayuwa.

Duk sankarar kare haka take?

A'a. Akwai ƙarin da ke tsirowa a nama ko fatar ƙafa, wanda ba ya saurin gudu zuwa huhu. Irin wannan idan ya yi girman da ba za a iya yanke shi shi kaɗai ba aka cire ƙafar, sau da yawa an gama ke nan, kare ya ci gaba da rayuwarsa har tsufa. Wanda ya fito a yatsa kuwa wani lokaci yatsan kaɗai ake cirewa.

Akwai kuma wadda ta fi yawa a karnukan da ake saki suna yawo: ƙari mai jini a al'aura, wanda karnuka ke ɗauka wurin barbara. Ganinsa yana da tayar da hankali, amma yana cikin waɗanda suka fi jin magani. Allurar binkiristin sau ɗaya a mako, na mako huɗu zuwa shida, tana warkar da fiye da tara cikin goma. Ƙarin nono a jikin karya shi ma ruwan dare ne, kusan rabinsa mugu ne rabi marar illa, kuma cire shi tun yana ƙarami ya fi. Don haka kalmar sankara kaɗai ba hukuncin kisa ba ce. Sai an san wace iri.

Karena babba ne mai nauyi, ga shi ya manyanta. Zai iya tafiya da ƙafa uku?

Girma da shekaru su kaɗai ba sa hanawa. Abin da likita zai duba shi ne sauran ƙafafun uku da kuma ƙashin baya. Idan akwai amosanin gaɓɓai mai tsanani, ko ƙugu ya lalace, wanda Alseshan suka yi suna da shi, ko ƙafafun baya sun fara shanyewa, to sai a yi tunani sosai. Ƙiba ma matsala ce, amma ita ana iya rage ta. Ka lura da yadda yake yi a tsakar gida yanzu: in yana iya tashi da kansa ya zagaya da ƙafar a ɗage, ya riga ya ba ka amsa.

Me ya sa ake cire ƙafar gaba ɗaya, ba a bar ɗan dungu ba?

Dungu ba ya amfanar kare da komai. Zai riƙa ƙoƙarin takawa da shi, fata ta goge, gyambo ya buɗe. Ga kuma buƙatar a yi nesa da inda cutar take. A ƙafar gaba akan cire har da allon kafaɗa, wurin ya kwanta sumul. A ta baya akan cire daga gaɓar ƙugu, ko a bar ɗan guntun ƙashin cinya idan cutar tana can ƙasa. Ana yi ne da allurar barci, kare bai san abin da ake ciki ba. Za a ce a hana shi abinci tun dare, sai a bi umarnin. Yawanci kwana ɗaya ko biyu yake yi a asibiti, da yawa kuma kan miƙe su yi 'yan taku washegari.

Yaya zan kula da shi idan mun dawo gida?

Makonni biyun farko su ne aikin. Ganin farko yana da nauyi: an aske wuri mai faɗi, ɗinki dogo, fata ta yi ja ko shuɗi-shuɗi. Wannan ba abin tsoro ba ne. Ruwa kan taru a ƙarƙashin fata ya yi lutsu-lutsu, shi ma yakan tsotse da kansa. Abin da zai sa a koma asibiti da gaggawa shi ne wari, mugunya, ɗinki ya ɓalle, jini yana ɗiga ba ya tsayawa, dasashi ya yi fari, ko kare ya ƙi abinci fiye da kwana ɗaya.

Babban abokin gaba a nan ƙuda ne. Yana yin ƙwai a kan rauni, cikin kwana ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe. A ajiye kare a ɗaki mai tsabta da iska, in da hali mai raga a taga, a kan shimfiɗa mai laushi, ba kan siminti ko ƙasa ba. A sa masa tsohuwar riga mai tsabta ta rufe wurin, da kwalar roba a wuya don kada ya lashe ɗinkin. Maganar cewa yawun kare magani ne, a bar ta: lasa tana kwance ɗinki, tana shigar da ƙwayoyin cuta. Kada a shafa baƙin mai, toka, gishiri ko maganin wanke banɗaki.

Idan zai fita fitsari, a zura tawul ko zane ta ƙarƙashin cikinsa a riƙe ta sama, a tallafa masa kawai, kada a ɗauke shi cak. Ba gudu, ba tsalle, ba wasa da sauran karnuka, ba wanka, har a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Yawancin karnuka kan daidaita tafiyarsu cikin wata guda.

Wani abu kuma: kare yana karanta fuskar mutanen gida. In kowa ya zo ya tsaya a kansa yana salati da hawaye, shi ma sai ya tsargu. A kira sunansa yadda aka saba, a ba shi abinci a lokacin da aka saba.

Zan iya sayo masa maganin ciwo a kemis?

Kada ka kuskura. Aibufurofen da dikulofenak, waɗanda muke sha kamar ba komai ba, suna huda wa kare ciki su kashe masa ƙoda. Farasitamol ma sai da awon likita, kyanwa kuwa kashe ta yake yi. Akwai magungunan da suka dace da kare, irin su meloksikam da karfurofen, akan haɗa da gabafentin saboda ciwon jijiya, kuma da nauyin kare ake auna su. Kada a haɗa maganin kumburi iri biyu a lokaci guda. In ka ga amai ko baƙin kashi, ka dakatar ka kira likita.

Allurar kemo fa? Na ga yadda take wahalar da mutane.

Kare ba ya shan irin wannan wuyar, saboda ba a ba shi da ƙarfin da ake ba mutum. Manufar ita ce a ƙara masa kwanaki masu daɗi, ba a kwantar da shi ba. Wadda aka fi amfani da ita karboflatin ce, ta jijiya, duk bayan mako uku, sau huɗu zuwa shida, ana farawa kamar mako biyu bayan tiyata. Akwai kuma doksorubisin, wadda ke iya taɓa zuciya, don haka ana taka tsantsan da ita a jikin irin su Dobaman. Yawancin karnuka gashinsu ba ya zuba. Abin da akan gani shi ne kwana biyu na kasala, rashin cin abinci ko gudawa. Kaɗan ne ke kai ga kwanciya asibiti.

Kafin kowace allura sai an gwada jini, don maganin yana rage fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya kaɗan. In ya haura 39.5 ga kasala a tsakanin allurai, ba a jira gari ya waye. Kuma wannan ba allurar da za a kira wani mai yawo da jaka ya yi a gida ba ce. Wasu daga cikin magungunan in suka zuba a wajen jijiya suna ƙone nama.

Cutar za ta iya kama mu ko yaranmu?

A'a, sankarar kare ba ta kama mutum, har da wadda suke ɗauka wurin barbara. Abin kiyayewa kawai shi ne kwana uku bayan allurar kemo, lokacin da maganin ke fita ta fitsari da kashi. A kwashe da safar hannu, a wanke wurin, mai juna biyu da ƙananan yara su nisanci aikin.

Wanne ya fi wuya, rasa ƙafar gaba ko ta baya? Kuma me zan canza a gida?

Ta gaba. Kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, 40 a na baya. In ta gaba ɗaya ta tafi, wadda ta rage tana ɗaukar kusan rabin nauyin jiki ita kaɗai, sai ka ga yana tafiya da ɗan tsalle, kai yana sama yana ƙasa, gangara kuma tana ba shi wuya. Wanda ya rasa ta baya hawa ne ke ba shi wuya. Dukkansu sauri ya fi musu sauƙi a kan tafiyar a hankali, don haka in kuna tafe ka bar shi ya yi gaba, kada ka ja shi baya da igiya.

Tayil shi ne babban haɗari, musamman in ya jiƙe. A shimfiɗa kafet ko tabarmar roba a hanyar da yake bi. A ɗaga kwanon abinci da na ruwa kaɗan. A yanke farce a kan kari, a riƙa duba tafin ƙafa, don yanzu ƙaya ɗaya ta isa ta zaunar da shi. A bar fita da shi da tsakar rana lokacin da ƙasa ta ɗauki zafi, don yana gajiya fiye da da. Gajeriyar tafiya safe da yamma ta fi doguwa guda. Sarƙa a wuya ba ta dace da shi ba, a nemi ɗamarar ƙirji.

Abu mafi muhimmanci shi ne kada ya yi ƙiba. Tausayi kan sa kowa a gida ya riƙa jefa masa loma, kuma kowane kilo da ya ƙaru ƙafafu uku ne za su biya. In ka shafa gefensa ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba. Ragowar abinci mai albasa da tafarnuwa da yawa ma a daina ba shi, suna lalata wa kare jini.

Zai ci gaba da gadi ko farauta?

Gadi, ƙwarai. Kunne da hanci da murya suna nan, ɓarawo kuma ba ya tsayawa ƙirga ƙafafu. Farauta da bin garke mai nisa kuwa a sallame shi, don raunin ƙafa ɗaya a daji yanzu babbar magana ce.

Ba za a yi masa ƙafar roba ba?

Ƙafar roba tana buƙatar dungu mai tsawo da gaɓa mai aiki, wanda a sankarar ƙashi ba a cika barinsa ba. Ta fi dacewa da karen da tarko ko mota ta cire wa ƙasan ƙafa. Akwai kuma tiyatar da ake yanke ƙashin da ya kamu a maye gurbinsa, wadda Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka ta yi fice a kanta, amma tana yawan kawo ciwon ƙwayoyin cuta, kuma ba ta ƙara wa kare kwana fiye da cire ƙafar. Yawancin masu ƙafa uku ba sa buƙatar komai.

Wani lokaci yakan yi ƙara haka kawai, ko ya waiwaya inda ƙafar take a da. Lafiya?

Yakan faru a makonnin farko. Jijiyoyin da aka yanke ne ke aika saƙon ciwo, kamar yadda mutanen da aka yanke wa gaɓa suke ba da labari. A gaya wa likita, akwai magani, kuma galibi yana wucewa.

Mutane suna min dariya wai ina kashe kuɗi a kan kare. Addini ya yarda?

Hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma a nan ne Annabi (SAW) ya bayyana cewa akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. An yi izinin riƙe kare don farauta, kiwo da gona, malamai da dama kuma sun haɗa da gadin gida in akwai buƙata. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne. Dabbar da ka tsare a gidanka tana maka aiki, cinta da lafiyarta suna wuyanka. Wannan ba yana nufin ka hana iyalinka abinci ko kuɗin makaranta don kemo ba. Kowa da gwargwadon ƙarfinsa.

In ba ni da halin tiyata, ko cutar ta riga ta kai huhu fa?

In kuɗin bai kai na duka biyun ba, tiyata ce gaba, don ita ke cire ciwon. In ita ma ba hali, likita zai haɗa magungunan rage ciwo, amma a sani na ɗan lokaci ne, wata ɗaya zuwa uku galibi, ga haɗarin karaya kullum. Idan kare ya daina ci, ba ya barci, ba ya iya tashi yin fitsari, ko numfashi ya fara yi masa wuya, likitan dabbobi yana da allurar da ke sa shi barci ya wuce ba tare da wahala ba. Malaman Malikiyya sun yi maganar halaccin hutar da dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Abin da bai kamata ba shi ne a sa masa guba, ko a kai shi bayan gari a yar.

Ina zan kai shi, kuma bayan an gama sai yaushe za mu koma?

Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi su ne suka fi samun na'urar hoto, masu allurar barci da ɗakin gwaji a wuri guda: na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Jami'ar Maiduguri, na Jos da na Abuja. A manyan birane akwai asibitoci masu zaman kansu da ke yin wannan aiki. Ka tabbatar likita ne mai rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, ka tambaye shi ko ya saba yin irin wannan tiyata a kan babban kare, wane maganin ciwo zai bayar, da inda zai aika naman gwaji. Ka nemi a rubuta maka kuɗin komai dalla-dalla tun farko, don yawancin magunguna da nauyin kare ake lissafa su. Ka tafi da katin rigakafinsa da duk maganin da aka taɓa ba shi, har da na kemis da na gargajiya, kada ka ɓoye.

Bayan an cire zare, in ostiyosakoma ce, akan sake hoton ƙirji duk bayan wata biyu zuwa uku. Tsakanin nan, tari, haki ba tare da gudu ba, rama, sabon ɗingishi ko kumburin sauran ƙafafu, kowanne ya isa a koma kafin ranar da aka sa.